Ƙotar walnat da hunturun Kano

A gidanmu ƙota ba abar kallo ba ce. Gidan maƙera ne, kuma maƙeri da ruwan wuƙa yake tinƙaho: irin ƙarfen da ya zaɓa, yadda ya dake shi, yadda ya tsoma shi ya yi tauri, da yadda kaifin zai ci karo da ƙashi bai lanƙwashe ba. In Baba ya gama wannan, sauran aikin bai fi na minti 20 ba. Ya jawo guntun marke ko kirya, ya sassaƙe da gizago, ya sa wutsiyar wuƙar a wuta ta yi jawur, ya luma ta cikin itacen hayaƙi na tashi, ya buga zobe a wuya, ya miƙa wa mai ita. Ado na dukawa ne, a jikin kube suke zuba shi. Haka na buɗe ido na gani, haka kuma na ci gaba da yi a ranakun Asabar da Lahadi, tunda sauran kwanakin ina wurin aiki.

Cikin azumin 2021 ƙanena da ke saro kayan sawa daga Istanbul ya sako mini wani ɗan kwali a cikin kayansa. Ya ce wani Baturke da suke ciniki da shi yana da ɗan'uwa mai yanka katakon gindin bindigar farauta, shi ne ya roƙar mini ragowar da ke zuba ƙasa. Guntaye 14 ne, babbansu bai fi tsawon hannuna daga wuyan hannu zuwa kan yatsa ba, an dangwala bakin kowanne a kaki. Da na zazzage su a kan tabarma ban ga abin a zo a gani ba. Launin toka-toka, duk shatin zarto, kamar abin da za a tura wa murhu. Ƙanena ya ce mutumin ya ce a jiƙa a gani. Na tsiyayo ruwa daga buta na shafa wa ɗaya.

Wurin da ruwan ya taɓa sai ya koma launin zuma mai duhu, baƙaƙen layuka suna ratsa shi suna murɗewa kamar hayaƙin turaren wuta a ɗakin da ba iska. Da na karkata shi wajen hasken ƙofa sai wasu ratsi-ratsi suka taso a gicciye, na sake karkatawa suka nutse, wasu suka fito. Duk wanda ya taɓa ɗaga shadda da ta fito daga hannun masu bugu ya san wannan walƙiyar. Sai dai ita shadda a samanta abin yake, wannan kuwa sai ka rantse cikin itacen kake leƙawa, zurfin rabin yatsa. Na zauna ina juya shi har ruwan ya bushe ya koma tokarsa, na sake jiƙawa.

Sunan itacen walnat. Ba ya fitowa a ƙasar Hausa, shi ya sa ba mu raɗa masa suna ba. Larabawa na ce wa 'ya'yansa jauz, Turkawa suka ara suka mai da shi ceviz, wanda a baki yake fita kamar jebiz. Sai an yi hattara, don sunan na rikita mutane a nan. Baƙin ƙwallon nan da ake dafawa ana sayarwa a ƙulle cikin leda a hanyoyin Kudu da damina, wanda Yarbawa ke kira asala, Ibo kuma ukpa, shi ma walnat ake ce masa, amma uwarsa mai yaɗo ce da ke hawa jikin wasu bishiyoyi, ba ta da katako. Akwai kuma wani katako mai ruwan zinariya daga dazukan Kudu da 'yan katako ke kira da wannan suna. Katako ne mai kyau, amma ɗan'uwan maɗaci ne, ba dangin wanda nake magana a kai ba.

Na ainihin bishiya ce ta ƙasashe masu sanyi, daga tsaunukan Asiya ta Tsakiya da Iran har Turkiyya da Turai. Masana tsirrai na kiranta Juglans regia. A kasuwar katako za ka ji ana cewa na Turkiyya, na Faransa, na Ingila, na Kaukasus, alhali duk bishiya ɗaya ce, ƙasar da ta tsiro ce ta bambanta. Amurka na da nata, baƙin walnat, wanda ya fi duhu, da wani na Kalifoniya da suke kira kilaro. A gonakin Kalifoniya aure ake yi musu kamar yadda muke yi wa mangwaro, a ɗora reshen mai 'ya'ya masu daɗi a kan gindin baƙin, kuma in bishiyar ta tsufa aka tumɓuke ta, daidai mahaɗar nan ana samun katako mai launi biyu da masu sana'a ke rububi. Maƙeran bindigar farauta sun daɗe da zaɓar walnat saboda ba shi da nauyi sosai, yana shanye bugun harbi ba ya darewa, yana kuma karɓar sassaƙa. Tsofaffin gidajen bindiga na Landan irin su Purdey da Holland & Holland da na Turkiyya suke aiki, kuma katako guda na gindin bindiga mai daraja ta ɗaya yakan kai dubban daloli tun ba a taɓa shi da magagari ba. Ɓarɓashin irin wannan ne ya faɗo hannuna.

Ba kowane walnat ne ke da wannan zane ba. Gangar jikin bishiyar, inda ta miƙe sambal, katakonta miƙaƙƙe ne, ruwan ƙasa, mai kyau amma ba mai tsayar da mutum ba. Zanen yana inda bishiyar ta sha wuya. A gindi, inda saiwoyi suka rarrabu suna ɗauke da nauyinta gaba ɗaya, jijiyoyin itacen na tattarewa su yi igiyar ruwa. Shi ya sa masu neman irin wannan katako ba sa sare bishiyar daga sama, haƙa suke yi su fito da ita har kututturenta. A gwafa, inda babban reshe ya rabu da uwa, jijiyoyi biyu na cin karo suna matse juna, in aka tsaga sai ka ga kamar an baje gashin jimina. Sai ƙululu, kumburin nan da ke fitowa a jikin bishiya, wanda tarin idanun tsiro ne da ba su samu sun fito ba, cikinsa ɗige-ɗige kamar jikin zabuwa. Baƙaƙen layukan kuma sun fi yawa a tsohuwar bishiyar da ta girma a hankali, a ƙasa mai duwatsu da ƙarancin ruwa. Ita walƙiyar daga jijiyar take. Tana hawa tana sauka, to da an goge fuskar ta yi sumul, wani wurin jijiyar ta fuskanto ka, wani wurin ta kwanta, sai haske ya dawo maka iri-iri.

Bayan an sha ruwa na kai wa Baba. Ya karɓa ya jinjina a tafinsa, ya ƙwanƙwasa biyu da juna ya saurara, ya danna farcen babban yatsa. Ya ce, “Ba nauyi.” Na jiƙa masa. Ya daɗe yana kallo, ya yi tabarakallah, sannan ya ce in miƙo masa wani siririn ɓalli da ya zo a ƙasan kwalin. Ya sa yatsu ya ɗan tanƙwara, sai ƙaras, ya karye gida biyu, karayar kuma a gicciye, ba zare-zaren nan da marke ke yi kafin ya saki. Ya miƙo mini ya ce, “Kyan ɗan maciji ke nan. Inda ya fi kyau nan ya fi rauni. In za ka sa shi a wuƙa, bar shi ya ga hunturu tukuna.” Na ce, “To Baba, Allah ya ƙara girma.” Amma raina na kan Babbar Sallah.

Akwai Kawuna da ya riƙe ni shekara 6 ina makaranta. Shi yake yanka ragon gidansa da na maƙwabta da dama, kuma na daɗe ina so in yi masa wuƙar da za ta zama tasa shi kaɗai. Na ƙera ruwan da sifirin mota, tsawonsa santimita 22. Maimakon siririyar wutsiya irin ta Baba, sai na bar wutsiyar da faɗinta har ƙarshen ƙota, irin yadda nake ganin masu wannan sana'a na ƙasashen waje suna yi a intanet, itace ɓari biyu a manna hagu da dama. Na zaɓi guntun gwafa mafi kyau a kwalin, na tsaga shi biyu kamar an fafe ƙwarya, zanen dama ya zama tagwayen na hagu. Na yi huji 3, na zura ƙusoshin tagulla, na manna da gam, na kuma dake kawunan ƙusoshin da guduma don su kama sosai. Duk wannan a farkon Yuli, ruwa na ta sauka, ƙofofin gida sun kumbura sai an sa kafaɗa. Sallar ta kama Talata 20 ga Yuli. Kawu ya yi yanka da ita, ya kira ni a waya ya yi ta sa mini albarka, ya ce mutane sun yi ta karɓa suna juyawa.

Cikin Janairu, hazo ya rufe gari, leɓe na tsagewa, sai ga Kawu da kansa da wuƙar naɗe a tsumma. Bai yi ƙorafi ba. Cewa ya yi, “Ɗana, duba mini, ko ni na yi mata wani abu.” Tsaga ta taso daga ƙusar gaba ta bi ta tsakiyar gashin jiminar nan har ƙusar tsakiya. Gefen ƙarfen wutsiya ya fi itacen tudu, in ka shafa yana kartar hannu. Kawunan ƙusoshin sun tsattsayo. Ɓari ɗaya ya ɗaga daga jikin ƙarfen har farce na shiga. Na ce masa, “Kawu, ba ruwanku, ni na yi gaggawa, ku bar mini ita.” Abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki. Asarar itacen ba ta dame ni kamar ganin dattijo ya tako tun daga unguwarsu yana zargin kansa da ɓata kyautar da aka yi masa ba.

Itace ko ya shekara 100 da sarewa bai daina shan laimar iska yana amayar da ita ba. Wannan guntun ya taso daga garin bakin teku, bai daɗe da sauka Kano ba damina ta same shi. A Agusta laimar iskarmu takan haura kashi 70 cikin 100, itace ya riƙe ruwan da ya kai kimanin kashi 14 na nauyinsa. A tsakiyar hunturu laimar na faɗowa ƙasa da kashi 20, ruwan jikin itacen ya koma wajen kashi 4. Walnat mai faɗin santimita 3 in ya yi irin wannan rama yakan tsuke kusan milimita 1. Ƙarfe kuwa ko gezau. Itacen na so ya tsuke, ƙusoshi 3 sun riƙe shi, ni kuma da na dake kawunansu tamkar weji na buga masa tun daga farko. Miƙaƙƙen itace hanya ɗaya yake bi wajen tsukewa, kana iya yi masa lissafi. Mai zane kowane lungu da inda yake ja, sai ya ɓalle ta inda jijiya ta gajarta. Baba bai taɓa auna laima ba, amma shekarunsa na ganin ƙotar fartanya tana sakin ruwanta da hunturu sun ishe shi.

Guntaye 13 da suka rage na jera su a saman durowa, a ɗakin da rana ba ta shiga, na sa tsinkaye a tsakaninsu don iska ta zagaya. Na sayi ƙaramin sikeli irin na masu gwal. Kowane farkon wata in auna in rubuta da fensir a jikin guntun. Akwai wani dunƙulen gindi da na kwafe lissafinsa a littafi: gram 99 a Janairu, 98 a Maris, 103 a Yuni, 106 a Agusta, 101 a Disamba, sannan 98 a Fabrairun da ya zagayo. Gram 8 na ruwa ke shiga yana fita a abin da bai kai sandar sabulu ba. Daga nan na kafa wa kaina doka. Ba na sa wa wuƙa ƙotar walnat sai itacen ya yi hunturu 2 a ɗakina, kuma ba na manna shi sai tsakanin Janairu da Maris, lokacin da ya kai ƙarshen ramarsa. In damina ta zo zai ɗan taso, ka ji itacen ya ɗara ƙarfen kaɗan, amma kumburi ba ya tsaga ƙota yadda tsukewa ke yi. Wanda ya zo mini ana saura wata ɗaya Sallah ina gaya masa gaskiya, ko ya karɓi kirya bana, ko ya jira baɗi.

Wajen zaɓen inda za a yanka ma akwai abin lura. Zanen da ya ƙawata gindin bindiga ba lallai ya ƙawata ƙota ba, don ita ƙota ƙanƙanuwa ce, babban zane in ya shigo cikinta sai ya zama layi ɗaya kawai. Wanda ya tattaru, mai ratsi kusa da kusa, shi ake so. Nakan yanke taga a jikin kwali daidai siffar ƙotar, in jiƙa itacen, in yi ta yawo da tagar a kansa har in ga inda zanen ya zauna. Sai dai komai kyan wuri, in jijiyar ta gicciye a wuyan ƙota, inda ƙarfin hannu ke taruwa, ina haƙura da shi. Can ƙarshen ƙota ta yi duk rawar da take so.

Na kuma koma wa hanyar Baba ta wani ɓangaren. Siririyar wutsiya da ke shiga cikin dunƙulen itace ta fi dacewa da ƙasarmu, don itacen ne ke kewaye da ƙarfen, babu gefen da zai fito ya karci hannu. Sai dai ba na ƙona ramin da wutsiya mai zafi. Marke na jure wannan, walnat mai zane ba ya jurewa, kuma gawayin da ke zagaye ramin ba ya riƙe gam. Da injin huji nake buɗe shi, in gyara da siririn magagari har wutsiyar ta shige ba tilas. In mai wuƙa ya nace sai ɓari biyu, ina buɗa hujin yadda ƙusa za ta zura da turin yatsa, gam ya cike sauran. Ban ƙara ɗora guduma a kan ƙusar da ke cikin itace mai zane ba. Gam ɗin mai kwalba biyu ne da ake gaurayawa, kuma mai jinkirin, wanda ke kwana kafin ya kama, don mai minti 5 yana da saurin saki. Kafin mannawa a karce ƙarfen da samfefa mai kaushi, a goge maiƙon hannu da tina, ruwan nan da ake sirka fenti da shi, kuma kada a matse har gam ɗin ya tsiyaye duka.

Gizago ba shi da aiki a nan. Duk abin da ke sara ko fiƙewa jijiya yake bi, jijiyar wannan kuwa kowane rabin santimita ta juya, sai ka ga ya ɓantare loma guda daidai inda ka fi so. Magagari da samfefa ne kawai, daga lamba 120 zuwa 220, 400, 600, wani lokaci har 1000. Tsakanin 220 da 400 nakan shafa jiƙaƙƙen tsumma, gashin itacen ya miƙe, ya bushe, in aske shi, sau 2 ko 3. In ba a yi haka ba, ranar da gumin hannu ya taɓa ƙotar za ta yi kaushi. A kusa da ƙusa sai an naɗa samfefar a jikin ɗan katako, don itacen ya fi tagulla laushi, da yatsa kawai sai ka rarake kewayen ƙusar ka bar ta a tsaye. Ƙananan ramukan da ke cikin ƙululu kuma ina cike su da garin itacen kansa da ɗigon sufa gulu.

Ƙurarsa na shaƙe ni, sai da takunkumi nake aikin. Akwai kuma abin da ya kamata masu dawaki su sani, tunda garinmu garin hawa ne. Dusar baƙin walnat na Amurka in aka shimfiɗa wa doki a barga tana jawo masa ciwon kofato mai tsanani, cikin kwana ɗaya ko biyu ya fara ɗingishi. Nawa na Turkiyya ne, amma ba zan gwada a kan dabbar kowa ba. Yaron da ke zuwa kwasar dusar katako a wurina ya san akwai bokitin da ba a taɓawa, wannan ƙone ta nake yi.

Shafa mai shi ne inda na fi jin daɗin aikin. Walnat na da ƙananan ƙofofi a jikinsa kamar na fata, in ba a toshe su ba datti da jini za su samu wurin zama. Man gyaɗa ba ya yi, ba ya bushewa, daga baya ma ya yi wari. Man kaɗanya sheƙin kwana biyu ne. Abin da ake so shi ne man da ke daskarewa in ya sha iska, kamar dafaffen man linsid da masu fenti ke sayarwa, ko Tru-Oil da masu gyaran bindiga ke amfani da shi. Shafin farko nakan sirka shi ya yi ruwa-ruwa don ya ratsa ciki. Na biyu da na uku ina goga samfefa 400 a kan man tun yana ɗanye, garin itacen ya haɗu da shi ya yi kauri kamar kunu, in tura shi cikin ƙofofin da yatsa, in goge a gicciye. Daga nan ɗigo ɗaya a rana, a murza da tafin hannu har ya yi ɗumi, a share duk abin da ya rage a sama. Kwana 10, wani lokaci 15. Nakan yi shi bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, kuma kowace safiya in na ɗaga ƙotar wajen taga sai in ga zanen ya ƙara nutsewa, baƙin ya ƙara baƙi, zumar ta ƙara haske, abin da ruwan buta ya nuna mini na minti ɗaya yana zama na dindindin a hankali. A ƙarshe sai kakin zuma. Tsumman da aka goge man linsid da shi kuwa, don Allah kada a dunƙule shi a jefa kwandon shara. Yana ɗaukar zafi da kansa har ya kama da wuta. A baza shi a ƙasa ya bushe, ko a nutsa shi a ruwa.

Wasu kan tambaye ni me ya hana in yi amfani da wanda aka ɗura wa roba. Hanyar ita ce a gasa itacen har ruwansa ya ƙare ƙaf, a nutsa shi cikin wani ruwan roba a tukunya mai murfi, a zuƙe iskar da famfo har kumfa ta daina tashi, a saki iskar ta tura ruwan cikin kowace ƙofa, sannan a sake gasawa a zafin kimanin digiri 90 ya daskare a ciki. Itacen ya ƙara nauyi, ya kusa daina shan ruwa. Ƙanena ya kawo mini guda 2 irin wannan, na yi wuƙaƙen kicin da su, kuma maganar gaskiya ba su motsa ba, hunturu 2 ke nan. Ga ƙululu mai laushi da ramuka, wannan ita ce hanyar da ta dace. Amma a hannuna sanyi gare shi da santsi kamar maɓallin riga, launin kuma ya dushe, baƙin da zumar sun cakuɗe. Wanda aka shafa wa mai yana ɗaukar ɗumin hannu, yana ƙara kyau da tsufa. Shi na zaɓa, na kuma yarda da ɗawainiyar da ke tare da shi.

Walnat bai kai kirya tauri ba, ko kusa. Ka yar da shi a siminti zai lotsa. Wuƙar da ke wuni cikin jini da kitse, a wanke ta da ruwan zafi da omo, a jefa ta daro tare da sauran ƙarafa, zalunci ne a sa mata shi. Wani mahauci a unguwarmu ya ga ɗaya a hannuna ya nace, na ce masa, “Sarkin Fawa, wannan ba za ta yi maka wata 3 ba, bari in yi maka ta kirya da za ka bar wa 'ya'yanka.” Haka aka yi. Walnat na wuƙar da ke da mai ita guda ɗaya ne, wanda zai goge ta ya busar bayan aiki, ya tuna da ita da ɗigon mai in hunturu ya kama. In kuma ta yanka ce, a samfefa 400 nake tsayawa, ba na kai ƙotar ga santsi, don kada jiƙaƙƙen hannu ya zame a wahalar da dabba.

Tunda na gane cewa zane a gindi da gwafa yake, sai na fara tsayawa a wurin masu faskare da masu gawayi. Kututturen kirya da ake turbuɗewa a yi gawayi, wanda mu maƙera muka fi kowa saye, in ka tsaga shi akwai igiyar ruwa ja-ja a ciki da ba za ta ji kunyar zama kusa da ta Turkiyya ba. Tsohuwar tsamiya na da duhun zuciya mai ratsi. Madobiya kuwa, wadda 'yan katako a Taraba ke kira Madrid, an yi ta lodinta a kwantena zuwa Sin har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare tsirrai da dabbobi, wato CITES, ta taƙaita cinikinsu, daga farkon 2017. Masu saran, gangar jikin suke ɗauka, su bar kututture da gwafa a daji, wato daidai wurin da Baturke zai duƙa ya haƙa ya adana shekaru. Abin na yi mini ciwo. Ba na sayen ɗanyen itace, ba na so kuɗina ya sa a kayar da ko bishiya ɗaya. Cikin abin da aka riga aka tara don murhu nake tsinta, in biya kuɗin itacen girki.

Wuƙar Kawu na cire mata tsohuwar ƙotar a Fabrairun 2023. Na rage faɗin wutsiyar ta zama siririya, na sa mata dunƙulen gindin nan da ya tsaya a gram 98, da zoben tagulla da Baba ya buga da hannunsa. Ta yi layya 3 tun daga nan. Duk hunturu Kawu kan zo da ita in duba, in ɗiga mata mai, mu sha shayi ya koma.

A kakar da ta wuce Baba ya shigo rumfata da wani abu a aljihun babbar riga. Guntun saiwar kirya ne, ya ce a cikin buhun gawayi ya same shi, wutar ba ta cinye shi ba, gefe ɗaya kawai ta lasa. Ya riga ya goge fuska ɗaya da magagari. Ya ɗauki butata da kansa ya tsiyaya masa ruwa, ya karkata shi wajen haske, muka tsaya mu biyu muna kallo. Ya ce, “Ɗora shi a sikelin nan naka, ka rubuta.” Gram 212 ne, ranar 3 ga Nuwamba. Yana saman durowa tare da ragowar walnat ɗin, ya yi hunturu ɗaya, saura ɗaya.